Tambaya: Shin magungunan ƙarin gina jiki suna taimakon ƙaramin yaro mai raunin ƙwaƙwalwa?

Uban Yarinya, unguwar Zariya, Maradi:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da kuma iyayen da suka riga mu shiga irin halin da muke ciki. Ƴata ta biyu tana da wata 15 a duniya. An haife ta bayan doguwar naƙuda da ta kusan kai mahaifiyarta kwana biyu, kuma da ta faɗo ba ta yi kuka ba sai da aka daɗe ana faman taimaka mata ta ja numfashi. Bayan suna muka ɗauka komai ya wuce, amma da ta kai wata 6 wuyanta bai tsaya ba, kuma har yanzu ba ta zama da kanta. Hannuwanta kullum a dunƙule suke, ƙafafunta kuma suna sandarewa su harɗe da zarar an ɗaga ta. Likitan yara ya duba ta, ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta sami rauni lokacin haihuwa, ya rubuta IMC a takardarta, wato matsalar motsin gaɓoɓi sakamakon raunin ƙwaƙwalwa, ya sa ta a kan maganin jijjiga saboda ta taɓa yi sau biyu, sannan ya tura mu wurin kine, wato mai aikin motsa gaɓoɓi.

Abin da ya kawo ni shi ne, wani ɗan'uwana ya haɗa ni da wani mutum da ke sayar da magungunan ƙarin gina jiki ta WhatsApp. Akwai na ruwa mai ɗauke da man kifi, wanda ya kira omega 3, akwai kuma wani gari da ake damawa a kunu. Ya ce idan aka fara ba yaro tun kafin ya cika shekara biyu, ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu suna farfaɗowa, kuma ya turo mini bidiyon yaran da ya ce sun tashi sun yi tafiya. Kuɗin wata ɗaya jika 25 ne, kuma ya ce sai an yi wata shida a jere ba tare da fashi ba. Ni malamin makarantar firamare ne, kowa kuma ya san abin da albashinmu yake iya ɗauka. Ina da raguna biyu da nake kiwo, na yi niyyar sayar da su in fara, amma mahaifiyarta ta ce in tambayi masu sani tukuna.

Gaskiya yarinyar ba ta da jiki. Tana shan nono har yanzu, amma kunu yana ba ta wahala, tana yawan ƙwarewa, kuma ciyar da ita sau ɗaya yana iya cin kusan awa guda. To, shin akwai gaskiya a maganar wannan mutumin? Idan babu, akwai wani abin ƙarin gina jiki da ya kamata a ce tana sha, wanda muke sakaci da shi? Tsorona shi ne kada lokacin da ya dace a yi wani abu ya wuce muna zaune. Allah ya saka da alheri.

Ma'aikaciyar Jinya, Madarunfa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ta lafiya, ya kuma saka wa mahaifiyarta da ta ce a yi tambaya kafin a sayar da dabbobi. Na yi shekaru ina aiki a sashen kula da yara masu tamowa, kuma yara irin ƴarka suna cikin waɗanda muka fi daɗewa da su a kan gado, saboda haka zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Ka bar ragunanka a turke. Raunin da ƙwaƙwalwa ta samu lokacin haihuwa tabo ne da ya riga ya zauna. Ba ya ƙaruwa, amma kuma babu wani ruwan kwalba ko gari da aka tabbatar yana goge shi. Sai dai a cikin bayaninka akwai abin da ya fi ɗaga mini hankali fiye da maganar mai tallan, wato cewa ciyar da ita yana cin awa guda kuma tana ƙwarewa. Raunin da ya sandarar da ƙafafunta shi ne kuma yake hana harshe da leɓɓa da maƙoshi yin aiki tare. Abincin da kuke gani ya ƙare a kwano, wani ya zube a ƙirji, wani ya dawo da amai, wani kuma, wanda shi ne mafi haɗari, ya bi hanyar numfashi ya sauka cikin huhu. Daga nan ake samun yaro mai yawan tari da zazzaɓi da ciwon huhu, kowane ciwo kuma yana ƙara zaftare masa jiki. Idan ciyarwa tana wuce minti 30 a kai a kai, ko yaro yana tari lokacin ci, ko muryarsa tana yin kurkur kamar akwai ruwa a maƙogwaro bayan ya haɗiye, ko kuma an yi wata biyu zuwa uku nauyinsa bai motsa ba, mu a wurinmu alamu ne da ba a jira da su.

Abu na farko shi ne a kai ta awo a CSI, wato cibiyar lafiya, mafi kusa da ku. A auna nauyi da tsawo, a kuma sa mata igiyar awon dantse. Idan igiyar ta nuna ƙasa da milimita 115, wato ja, tamowa ce mai tsanani. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 kuwa matsakaiciya ce. A danna bayan ƙafarta a ga ko akwai kumburi. Idan ta shiga ja, za a sa ta a kan Plumpy'Nut, wanda kowane ƙunshi ɗaya mai giram 92 yake ɗauke da kalori 500, da madara da gyaɗa da mai da sukari da bitamin da sauran sinadaran da jiki ke buƙata. Mu mutanen Maradi mun fi kowa sanin wannan abinci, domin a yunwar 2005 ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, mafi yawansu a jiharmu, kuma da shi aka yi aikin. Idan kana neman abin ƙarin gina jiki da aka gwada aka ga amfaninsa a kan yaranmu, to ga shi nan, kuma kyauta ake bayarwa ga wanda awo ya nuna yana buƙata. Amma magani ne na tamowa, ba na ƙwaƙwalwa ba, kuma yana da danƙo, don haka yaron da haɗiya ke ba wahala sai an gwada shi a gaban ma'aikaci an ga yadda yake karɓa. Wanda ya kasa, ko yake da wani ciwo a kai, CRENI, wato sashen asibiti na jinyar masu tamowa mai tsanani, ake kwantar da shi a fara masa madarar F-75, wani lokaci ta siririn tiyo da ake zurawa ta hanci har ya yi ƙarfi. Kada ku sayi na kasuwa da ake ɓallowa daga rabon wasu yaran.

Ina roƙon ku da babbar murya, kada a yi mata ɗura. Na san kakanni suna yi da kyakkyawar niyya idan suka ga yaro ba ya ci, a kwantar da shi a cinya, a tara kunu a tafin hannu, a toshe hanci har ya haɗiye. Ko ga lafiyayyen yaro akwai haɗari, ga irin ƴarka kuwa hanya ce ta kai kunu huhu kai tsaye. Haka kuma idan wani ya ce beli ne ya hana ta haɗiya, a kira wanzami ya cire, kada ku yarda, domin matsalar ba a nan take ba, kuma zubar jini da ciwon da ke biyo baya suna ƙara hana yaro ci.

Sauran abubuwan da ya kamata ta samu ba su da tsada. Akwai bitamin A da ake ɗiga wa yara duk bayan wata shida daga wata 6 zuwa 59, akwai maganin tsutsar ciki, akwai maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina, sai kuma zinc na kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari duk lokacin da ta yi zawo. A ci gaba da ba ta nono har shekara biyu. A duba jininta, domin ƙarancin jini ya yi yawa a yaranmu, kuma idan akwai shi likita ne zai rubuta maganin ƙarin jini daidai da nauyinta.

Uwar Namiji, Tibiri:

Malam, na karanta saƙonka sai da na yi hawaye, domin tamkar labarina ne shekara shida da suka wuce. Ɗana yana da shekara 7 yanzu. Shi shawara ce ta kama shi yana ɗan kwana huɗu, idanunsa da jikinsa suka yi ɗorawa, muka tsaya jiƙe-jiƙe a gida, kafin mu kai shi asibiti ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ba zan ɓoye maka ba, na sayar da tunkiya, na sayar da ƴan kunnen zinariyata na aure, na sayi irin waɗannan kwalabe har kala huɗu, wasu daga Kano aka kawo mini ta Ɗan Isa. Duk wanda ya ce ga magani sai in bi, saboda zaman da mutum zai yi hannu rabbana yana kallon ɗansa ya fi kashe kuɗin ciwo. Ban ga abin da suka canza ba, sai dai wani daga cikinsu da ya riƙa sa shi zawo. A unguwa kuma ana ta faɗin albarkacin baki, wasu su ce iska ce, wasu su ce ɗan ruwa ne, a kai shi bakin gulbi. Wannan maganar ta fi komai yi mini zafi, kuma ina gaya maka tun yanzu don ka tsaya wa matarka, domin ita ake faɗa wa idan ba ka gida.

Abin da ya sauya mana rayuwa wata ma'aikaciya ce da ta zauna ta kalli yadda nake ba shi abinci. Ta ce mini kwance nake ba shi, kansa ya karkata baya, kunun kuma ya yi ruwa da yawa. Ni a tunanina mai ruwa ya fi sauƙin wucewa, ashe shi ya fi saurin kuɓuce masa zuwa hanyar numfashi kafin ya shirya haɗiyewa. Ta koya mini in zaunar da shi a miƙe, in tallabe bayansa da kafaɗunsa, haɓarsa ta ɗan sunkuyo ƙasa, in yi amfani da ƙaramin cokali, in jira ya haɗiye kafin in ƙara. Mahaifinsa ya sa kafinta ya yi masa ƴar kujera mai jingina da katako a gefe biyu, muka cusa tsummoki don kada ya zame. Bayan ya gama ci ba na kwantar da shi sai an yi kamar rabin awa, amai kuma ya ragu sosai.

Kunun ma na canza shi. Na daina tsinkakken koko, na koma mai kauri wanda ke zama a cokali, ina haɗa garin gero da na waken soya da gyaɗa da aka soya aka niƙa aka tankaɗe, irin haɗin garin Misola, sannan in zuba cokali ɗaya na man gyaɗa a kowane kwano. Ranar da hali ya yi in fasa ƙwai a ciki tun yana kan wuta, ko in daka busasshen kifi in tankaɗe shi sosai saboda ƙaya. Ina dafa kabewa da dankalin Hausa in murje su, in ba shi wake da aka cire wa ɓawo aka dama har ya yi laushi. Maimakon sau uku da yawa, sai na koma sau biyar ko shida kaɗan-kaɗan, saboda yana gajiya da wuri. Abin da ba ya iyawa har yau shi ne abinci mai haɗe da ruwa da gudaji, kamar furar da ba ta damu sosai ba.

Ban ce ya warke ba. Har yanzu ba ya tafiya, amma yana zama, yana riƙe kofi da hannu biyu, yana gane kowa a gidan, yana dariya idan yayyensa suka dawo daga makaranta, kuma rabon da mu kwana asibiti saboda ciwon ƙirji an fi shekara biyu. Kuɗin da za ka ba mai WhatsApp a wata ɗaya, da za ka sayi ƙwai da gyaɗa da madara da su, ka biya kuɗin kabu-kabu zuwa wurin kine, wallahi da sun fi yi mata amfani. Ka kuma riƙa karɓar mahaifiyarta a ciyarwa ko sau ɗaya ne a yini, domin aikin yana karya baya, yana kuma karya zuciya.

Mai Harhaɗa Magunguna, Maradi:

Assalamu alaikum. Malama ta Madarunfa da Hajiya ta Tibiri sun faɗi abin da ya fi muhimmanci. Ni zan tsaya a kan maganar omega 3, saboda kullum ana zuwa farmasi ana tambayata, kuma bai kamata a ce wa Malam ƙarya ce zalla a wuce ba, alhali akwai ɗan tushen da masu talla suke fakewa da shi.

Gaskiya ne ƙwaƙwalwa tana girma cikin sauri daga ƙarshen ciki zuwa shekara biyu, kuma a wannan lokacin tana tara wani nau'in mai da ake kira DHA, wanda yake cikin dangin omega 3. Wannan ne ya sa masu bincike suka yi tunanin ko ƙara wa jarirai masu rauni irin waɗannan sinadarai zai taimaka wa sassan da suka tsira su ƙulla sababbin hanyoyi. An gwada hakan a Oksfod ta ƙasar Ingila, a wani bincike mai suna Dolphin da aka wallafa sakamakonsa a 2018. An ɗauki yara 40 ƴan wata 1 zuwa 18 waɗanda ake zaton suna da wannan lalura, aka ba wasu haɗin DHA da wasu sinadaran abinci biyu, kolin da yuridin, har tsawon shekara biyu, sauran kuma aka ba su abin da ba ya ɗauke da waɗannan, ba tare da iyaye ko masu awo sun san wanda ya sami wanne ba. Waɗanda suka sha haɗin sun ɗan fi maki a gwajin fahimta da na harshe, amma bambancin bai kai matsayin da za a ce ba dace ba ne kawai, kuma yaran sun yi kaɗan a yanke hukunci da su. Masu binciken da kansu cewa suka yi a sake gwadawa da yara masu yawa. Babu inda aka ce yaro ya tashi ya yi tafiya saboda haɗin, balle a ce matattun ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sun dawo.

Akwai wani binciken da ni ya fi jan hankalina, na Niyukasul, shi ma a Ingila, wanda ya fito a 2008. Jarirai 16 ne kawai da suka sami raunin ƙwaƙwalwa wajen haihuwa. Aka ba wasu abinci mai ƙarfi da furotin da ya zarce abin da aka saba da kashi 20 cikin ɗari a shekararsu ta farko, sai aka ga kansu ya fi na sauran girma. Shi ma ƙaramin bincike ne, ba a gina doka a kansa, amma ka lura cewa abin da aka ƙara a nan abinci ne, ba wani sinadari na musamman ba. Idan har ƙarin abinci yana da tasiri a ƙasar da yara ba sa kwana da yunwa, to ina ga yarinyar da rabin kununta yake zubewa a ƙirji?

DHA ɗin ma ba sai a kwalba ake samunsa ba. Yana cikin nonon uwa, kuma yawansa a nono yana bin abin da uwar take ci, don haka kifi, har da sardin na gwangwani, idan mahaifiyarta ta ci yarinyar ta samu. Kolin kuwa gwaiduwar ƙwai tana cike da shi.

Akwai abu ɗaya da zan so ka tambayi likitanta. Ka ce tana shan maganin jijjiga. Idan Gardénal ne, wato fenobarbital, wanda aka fi bayarwa a nan, shan sa na dogon lokaci yana rage bitamin D a jiki, yaron da ba ya tsayawa da ƙafafunsa kuma ƙasusuwansa dama ba su cika ƙwari ba. Wannan wuri ne da ƙarin bitamin D da kalsiyam ke iya zama da dalili, amma likita ne zai faɗi adadi. Kada a daina maganin jijjigar saboda wannan magana tawa, domin dakatar da shi farat ɗaya yana iya tayar da jijjiga mai tsanani. Bitamin A da D suna taruwa a jiki, ba sa fita da fitsari kamar wasu, don haka haɗa kwalabe biyu ko uku da ba a san abin da ke cikinsu ba yana iya zama guba. Abin da ake sayarwa ta waya, ba ka san inda aka yi shi ba, ba ka san zafin ranar da ya sha a hanya ba, man kifi kuma yana lalacewa a zafi irin namu.

Alhaji Manomi, Jiratawa:

Ni ban yi karatun likita ba, amma ina ganin kun yi saurin rufe ƙofa. Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. A nan Jiratawa zogala muke nomawa, kuma na ga jikar maƙwabcina da ta yi laushi ƙwarai, aka riƙa ba ta garin zogala da zuma da man habbatus sauda, yanzu ta yi ƙiba tana rarrafe. Me zai hana ɗana Malam ya gwada namu na gida, tunda ba shi da tsada, kuma ba na Turawa ba ne da za a ce an cuce shi?

Ma'aikaciyar Jinya, Madarunfa:

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ba mu rufe ƙofa ga zogala ba, ni kaina ina sa iyaye mata su busar da ganyen a inuwa, su daka, su tankaɗe, su riƙa zuba ƙaramin cokali a kunu, domin yana da furotin da sinadarin ƙarin jini da kalsiyam da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Abinci ne mai kyau, kuma a matsayin abinci nake ba da shawararsa. Jikar maƙwabcinka mai yiwuwa tamowa ce ta kwantar da ita, da ta sami abinci sai ƙarfinta ya dawo, kuma ko yara masu raunin ƙwaƙwalwa ma suna ci gaba a hankali yayin da suke girma, musamman idan ana motsa su, sai a jingina ci gaban ga abin da aka ba su na ƙarshe.

Inda zan roƙi a yi hattara wuri biyu ne. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya zuma, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jarirai. Ƴar Malam ta wuce wannan shekarun, amma akwai masu karanta mu da nasu ba su kai ba. Na biyu, kada a ɗura wa yaron da ke ƙwarewa mai zalla a cokali, ko na habbatus sauda ne, ko na zaitun, ko na kifi, domin mai idan ya shiga huhu yana haddasa ciwon da ke da wuyar magani. Man da za a ba ta a gauraya shi cikin abinci mai kauri.

Na manta ban faɗa wa Malam ba ɗazu: tsoronka na kada lokaci ya wuce yana da tushe, sai dai abin da lokacin yake buƙata shi ne motsa jiki da wasa da magana. Ku nemi kine ya koya wa mahaifiyarta abin da za ta riƙa yi a gida kullum, yadda za a kifa ta a kan ciki tana farke don wuya ya yi ƙarfi, yadda za a goya ta ƙafafu a buɗe, yadda za a miƙar da gaɓoɓi a hankali don kada su ƙage. Zuwa wurinsa sau ɗaya a mako ba zai wadatar ba idan sauran kwana shida tana kwance a ɗaki. Idan kuma tana fama da taurin bayan gida, wanda ya zama ruwan dare ga irin waɗannan yara kuma yana kashe musu sha'awar abinci, ku gaya wa likita, ku ƙara mata ruwa a yanayin da take iya haɗiyewa, da gwanda da miyar kuka ko kuɓewa.

Uban Yarinya, unguwar Zariya, Maradi:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya biya ku da aljanna. Jiya da safe muka kai ta awo kamar yadda Malama ta ce. Nauyinta kilo 7 ne, igiyar dantse ta nuna 117, babu kumburi a ƙafa. Sun rubuta ta a rajista, sun ce mu dawo bayan mako biyu, kuma an ɗebi jininta. Da na duba katin awonta sai na ga ashe tun tana wata 11 nauyin bai ƙaru ba, mu kuma hankalinmu duk yana kan ƙafafu. Maganin jijjigar da take sha Gardénal ne, kuma zan yi wa likita maganar bitamin D ranar da za mu koma.

Na gaya wa mai tallan cewa na fasa. Ya turo mini saƙonni da yawa yana cewa zan yi nadama idan ta cika shekara biyu, ban amsa ba. Mahaifiyata ce take yi mata ɗura idan mun fita, ban taɓa sanin akwai haɗari a ciki ba. Daren jiya na zauna da ita na karanta mata abin da Malama ta rubuta, ta yi shiru, daga baya ta ce a nuna mata yadda ake zaunar da ita ɗin. Yau da safe mun gwada kunu mai kauri da gyaɗa da ƙwai, tana zaune a cinyata, mahaifiyarta tana ba ta. Ta yi tari sau ɗaya kawai, ta kuma cinye kusan rabin ƙaramin kwano cikin minti 25.

Hajiya ta Tibiri, don Allah ina son ƙarin bayani a kan kujerar: tsayin jinginar ya kai har kai ne ko a kafaɗa ya tsaya, kuma kun sa wani abu a tsakanin ƙafafunsa don kada su harɗe? Akwai kafinta a bakin layinmu, ina so in kai masa awon ranar Asabar.